"Babu Netwok" Ba Amsa Ba Ce



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, wato "babu netwok". Mai POS yana faɗinta, ma'aikacin banki yana faɗinta, hatta ɗalibin da bai tura aikin da aka ba shi ba, ita yake kamawa. Da zarar an furta ta sai kowa ya yi shiru ya naɗe hannu, kamar an ce damina ta ɗauke, sai dai a jira ikon Allah.

Mu 'yan Zamfara mun san rashin netwok na gaskiya. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni ba kira ba saƙo. Mai son jin muryar ɗan'uwansa ko tura kuɗi sai ya shiga mota ya bar jihar. Wancan ya fi ƙarfin kowa. Amma yawancin abin da muke kira da wannan suna a ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a kafe, ko a gida, bai kai nan ba. Sau da yawa matsalar tana cikin ɗakin da muke zaune, taku uku daga kujerarmu, kuma ɗan aji huɗu na sakandare zai iya gano ta in ya san yadda ake bin diddigi.

Wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, daga baya kuma ta zama tambayoyi 180 a cikin awa biyu. Hukumar WAEC ma ta fara yin tata a kwamfuta a 2024 ga masu zana ta a waje. A cibiyar jarrabawa za ku tarar da kwamfutoci 250 ko fiye a jere, kowace da kebul ɗinta, duka suna magana da wata babbar kwamfuta da ke cikin ginin, wadda ake kira uwar garke. A nan tambayoyin suke. Abin da ke haɗa su kuwa wani akwati ne mai faɗi, mai ramuka a jere da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa. Sunansa suwic, amma ba irin na kunna wutar ɗaki ba. Ramukan nan mu kira su ƙofofi.

Aikin suwic kamar na mai unguwa ne wanda ya san wa ke zaune a wane gida. Kowace kwamfuta tana da wata lamba da ta fito da ita daga masana'anta. Suwic yana lura ya rubuta a ransa cewa mai lamba kaza yana ƙofa ta uku, mai lamba kaza yana ƙofa ta tara. Idan saƙo ya zo, sai ya miƙa shi ƙofar da ta dace. Rauta kuwa, wannan da ake sa wa layin waya ko take ba da Wi-Fi, ita ce hanyar fita gari. A gidaje da ƙananan wurare ita ce kuma ke raba wa kowace kwamfuta adireshin da za a riƙa kiranta da shi. Ku riƙe wannan: kwamfutocin ɗaki ɗaya na iya magana da juna ko da babu data ko kwabo, ko da an kashe duk turakun sadarwa na jihar. Hanyar cikin gida daban, hanyar fita waje daban.

Suwic iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa, ka soka kebul ya kama aiki. Akwai kuma mai saiti, wanda ake iya shiga cikinsa a ba shi umarni: rufe ƙofa kaza, ware waɗannan ƙofofi daga waɗancan, kada ka karɓi baƙo a nan. Na biyun ya fi tsada kuma ya fi amfani, sai dai yana da wani hali: ba ya manta umarnin da aka ba shi, ko da ya canja ubangida.

A hutun da ya wuce mun ga wannan hali da idonmu. Wani yayanmu a nan Bungudu ya gyara ɗakuna biyu na ƙofar gidansu, ya tara tsofaffin kwamfutoci ashirin na gwanjo, don 'yan aji shida su riƙa gwada hannu kafin JAMB. Dalilinsa a fili yake. Yawancin yaran unguwa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kuma zuwa Gusau kullum don koyo kuɗin mota ne da ba kowane uba ke da shi ba, ga fargabar hanya. Ya sayo suwic mai ƙofa 24, shi ma na hannu, ya sa manhajar gwaji a kwamfuta guda ta zama uwar garke, ya haɗa komai. Da aka kunna, sha biyu suka kama, takwas suka ƙi.

Takwas cikin ashirin ba ƙaramin abu ba ne. Yara sun riga sun biya kuɗin wata, jarrabawa saura makonni kaɗan, kowane zama mutum takwas ne a tsaye suna leƙen allon wasu. Shawarwari kuwa sun yi yawa. Wani ya ce kwamfutocin ne suka mutu, wani ya ce a canja layin rauta, wani ya ce an yi wa Yaya sakiyar da ba ruwa, ya mayar da suwic ɗin. Da ya kira mu, mu uku da muka dawo hutu daga jami'a, ya riga ya fara lissafin bashin da zai ci ya sayi sabo.

Abin da muka fara yi shi ne neman takarda da biro. Muka ba kowace kwamfuta lamba, muka bi kebul ɗinta da hannu har zuwa suwic, muka rubuta ƙofar da ta shiga. Ya ɗauki kusan awa guda, yara na ta mamaki wai masu gyara sun zo ba su taɓa kwamfuta ba. Amma wanda bai san yadda garinsa yake ba, ba ya gane inda ɓarawo ya shigo.

Tambaya ta farko ita ce mafi sauƙi: fitila ta kama? Kowace ƙofa tana da 'yar fitilarta. In ta kama, suwic da kwamfuta sun ji ɗuriyar juna. In ba ta kama ba, kada a wahalar da kai da saiti, matsalar ta kebul ce, ko ta ƙofar, ko ta ramin da ke jikin kwamfutar. Cikin takwas ɗin nan, ɗaya ce fitilarta take a mace. Muka ciro kebul daga wata mai aiki muka sa mata, nan take ta kama. Da muka duba nata, sai ga inda ƙafar benci ta danne shi har ya tsage.

A cikin wannan kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Tsinkewar guda ɗaya na iya kashe shi ko ta rage masa sauri. Tsawonsa kuma yana da iyaka, kada ya wuce mita 100 tsakanin kwamfuta da suwic. A wurarenmu abokan gabansa sanannu ne: ɓera, ƙurar hunturu da ke cika ramuka, zafin rana in an bi da shi ta kan kwano, da ɗan harshen roba na kansa wanda in ya karye kebul ya riƙa zamewa. Kan kebul ɗin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba ya isa ya sa a yanke wa kwamfuta hukuncin mutuwa.

Saura bakwai, duka fitilunsu na ci. Sai tambaya ta biyu: an ba ta adireshi? A kwamfuta mai Windows, ana buɗe baƙin allon nan ta hanyar rubuta cmd, sannan a rubuta ipconfig. Za a ga lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Sha biyun da ke aiki duka nasu ya fara da 192.168, kamar 'yan unguwa ɗaya. Cikin bakwai ɗin, ɗaya ta nuna adireshi mai farawa da 10. Wani ne ya rubuta mata shi da hannu a ofishin da ta baro, ta taho da shi har Bungudu, tana ta amsa sunan da ba wanda ya san ta da shi a nan. Muka mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta daga rauta, ta shiga sahu.

Sauran shidan kuwa duka sun nuna lamba mai farawa da 169.254. Wannan lamba ku haddace ta. Ma'anarta kwamfutar ta yi ta sallama tana neman a ba ta adireshi, ba wanda ya amsa, sai ta laƙa wa kanta na wucin gadi. Ga kebul lafiya, ga fitila na ci, amma muryarta ba ta isa wurin rauta. Me ya tare ta?

A nan takardar nan ta biya wahalarta. A cikin ɗaki, shidan a warwatse suke, biyu a nan, ɗaya a can. Amma a kan takarda, wata ƙanwarmu 'yar aji shida da ke riƙe mana biro ita ta fara lura.

Ta ce, "Yaya, ai duk waɗanda suka ƙi, daga ƙofa ta sha bakwai suka fara."

Haka ne kuwa. Don mu tabbatar, muka ɗauki kwamfutar da ke aiki da kebul ɗinta mai aiki, muka mayar da ita ƙofa ta 19. Ta ƙi. Muka ɗauko ɗaya daga cikin masu ƙin muka sa ta a ƙofa ta 5. Ta kama. Ashe kwamfutocin ba su da laifi, laifin yana bin ƙofa. Ku lura, abu ɗaya muke canjawa a kowane gwaji. Da mun canja kebul da ƙofa da kwamfuta a lokaci guda, ko da ta yi aiki ba za mu san abin da ya warkar da ita ba, gobe in ta sake tashi mu koma gidan jiya.

Muka nemo littafin bayanin suwic ɗin a intanet, muka shiga shafin saitinsa ta burauza. Kalmar sirrin da ya fito da ita daga kamfani tana nan, ba a taɓa canja ta ba. Sai ga amsa a fili: ƙofa ta 1 zuwa ta 16 suna rukuni mai lamba 1, ta 17 zuwa ta 24 suna rukuni mai lamba 20. Wannan rabo shi ake kira VLAN. Ku ɗauki babban gida mai sassa biyu, an ja katanga a tsakani ba a bar ƙofa ba. Rufi ɗaya ne, amma na wannan sashe ba ya jin kiran na wancan. A ofisoshi da gangan ake yin haka, misali don kada kwamfutar baƙi ta ga ta masu lissafin kuɗi. Tsohon mai shi ya ja katangarsa don amfaninsa, ya sayar da akwatin bai rushe ta ba. Suwic ɗin lafiyarsa ƙalau, biyayya yake yi wa umarnin wanda ba ya nan.

Muka mayar da ƙofofin takwas cikin rukuni na 1, muka adana saitin don kada ya ɓace in an ɗauke wuta, muka sa sabuwar kalmar sirri, Yaya ya rubuta ta a littafinsa. Kafin la'asar kwamfutoci ashirin na nuna tambayoyin gwaji. Abin da aka kashe duka kuɗin kebul ɗaya ne.

Wani zai ce, ai yawancin irin waɗannan na'urori suna da ɗan maɓalli a ɓoye, in aka danna shi da tsinke komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, me ya sa ba a danna ba tun farko? Gaskiya ne, kuma da a ce mun rasa hanyar shiga, da shi za mu koma, tunda akwatin na Yaya ne kuma babu abin da yake bukata a tsohon saitin. Amma a makarantarku ko a wata cibiya, katangar da kuka gani wataƙila wani ne ya gina ta da dalili, kuma tsinke ɗaya zai rushe aikin kwana da kwanaki. Abin da ba naka ba, dubawa da ido da faɗa wa malamin da ke kula da ɗakin shi ne iyakarka. Shiga saitin na'urar mutane ba da izini ba kuwa laifi ne, ko da an bar ƙofar a buɗe.

Bayan mako guda aka sake kiran mu, wannan karon duka ashirin sun tsaya cak. Fitilun suwic gaba ɗaya na ƙyaftawa da sauri a tare kamar an kunna musu kiɗa. Tambayar da muka yi ɗaya ce: me ya canja tun jiya? Aka ce ba komai, shara kawai aka yi. Da muka ƙirga, ƙofofi 24 duka a cike, alhali takardarmu ta ce 22 ne ke da aiki. Wani yaro mai son gyara ya tsinci kebul a ƙasa, ya soka bakinsa ɗaya a suwic, ya ga ɗaya bakin na reto, shi ma ya soka shi a ƙofar da ke kusa. Saƙon da suwic ya fitar ta wannan ƙofa sai ya dawo masa ta waccan, ya sake fitarwa, ya sake dawowa, har hanya ta cushe ba mai wucewa. Muka zare baki ɗaya, ɗaki ya dawo hayyacinsa.

Wannan cuta tsohuwa ce, kuma mace ce ta samo maganinta. A 1985 wata injiniya 'yar Amurka mai suna Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin da ke sa suwic ya gane irin wannan zagaye ya toshe hanya ɗaya da kansa. Suwic mai saiti yawanci yana da shi, namu a kashe yake, muka kunna. Shi kansa tsarin haɗa kwamfutoci da kebul da muke amfani da shi, wato Ethernet, Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka faro shi a kamfanin Xerox a 1973. Ƙannenmu mata da ke ganin kamar wannan fanni na maza ne, ku tuna da sunan Radia, ku kuma tuna wadda ta fara gano ƙofa ta sha bakwai.

Kada ku ɗauka irin wannan tuntuɓe a ƙananan wurare kawai yake faruwa. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa bayan an gano wata tangarɗa ta na'ura da ta shafi cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Ɗalibai kusan dubu 380 aka ba damar sake zana jarrabawar. Ƙaramin kuskure a wurin saiti na iya taɓa rayuwar mutane masu yawa haka. Shi ya sa ƙasar nan ke bukatar masu haƙurin bin diddigi, kuma ba dole sai daga Legas ko Abuja za a riƙa ɗauko su ba.

Ga abin da muke so ku tafi da shi. In na'ura ta ƙi haɗuwa, ku fara daga abin da ya fi kusa da hannunku: wuta, kebul, fitila. Daga nan adireshi. Daga nan ku gwada ko tana jin maƙwabciyarta, ta hanyar rubuta ping da adireshin ɗayar a baƙin allon nan, in amsa ta dawo hanya a buɗe take. Sai bayan duk wannan ake zargin rauta ko kamfanin waya. Ku kwatanta mai aiki da marar aiki, ku tambayi kanku me ya haɗa waɗanda suka ƙi. Ku rubuta abin da kuka gwada. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Ranar jarrabawa kuwa ba ranar gyara ba ce. In kwamfutarka ta tsaya, kada ka taɓa kebul, kada ka kashe ta, kada ka zauna kana kuka lokaci na tafiya. Ɗaga hannu nan take, ka faɗa wa mai sa ido ainihin abin da ka gani: "Malam, ina tambaya ta kaza allon ya daskare," ko "Malam, ta rubuta cewa ba ta samun uwar garke." Bayani irin wannan ya fi saurin kawo taimako a kan "ta ƙi yi".

Wanda kuma ya ji abin ya kwanta masa, hanya a buɗe take. Ana karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Kamfanin Cisco yana da wata manhaja ta kyauta mai suna Packet Tracer, wadda za ka haɗa suwic da rauta da kwamfutoci a kan allo, ka ja katanga ka rushe, ba tare da ka lalata kayan kowa ba. Kafin nan, ku roƙi malamin kwamfuta na makarantarku ya nuna muku inda suwic ɗin ɗakin yake. Ku ƙirga fitilun da ke ci, ku ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ku ga ko lissafin ya yi daidai. In bai yi ba, kun samu aikinku na farko.

Allah Ya ba masu shirin jarrabawa sa'a, Ya zaunar mana da jiharmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.